Kantu Nawa?

A unguwar Nasarawa ta Kano akwai wani dattijo Ba'abzine mai gadin wani babban gida, wanda nakan zauna wurinsa bayan sallar isha'i in an ɗauke wuta, zafi ya koro ni daga ɗaki. Tabarmarsa na gefen ƙofa, ga kurfoti, ga 'yar butar shayi da ta sha hayaƙi, ga ƙananan kofunan gilashi. Tun bayan farin 1984 ya shigo Kano, lokacin da dabbobin gidansu suka ƙare, kuma har yau bai sauke rawaninsa ba. A daren da nake magana na tarar da kwano biyu a rufe a gefen tabarmar. Ya turo mini ɗaya, ya ce, "Bisimilla, Malam. Kwanakin nan abinci yawa yake yi mini." Na ce na ƙoshi. Ya ja kwanon gefe, ya ci gaba da fifita gawayi.

A gindin bango na hangi wani guntun gishiri mai launin ƙasa, ragon gidan ya lashe gefensa har ya yi sumul. Na ce, "Baba, wannan ba kantu ba ne?" Ya ɗauko shi ya jujjuya a hannu, ya ce ɓallin kantu ne, na Bilma, kuma shi da wannan gishiri sun san juna tun yana ɗan shekara goma sha huɗu, lokacin da kawunsa, wanda madugu ne, ya fara damƙa masa akala.

Hanyar tsohuwa ce. Ayarin gishirin Abzinawa Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya biyo ya gangaro ƙasar Hausa, har ya shigo Kano a farkon 1851. In damina ta wuce, raƙuma sun ci sun yi tozo, sai a taru a gindin duwatsun Abzin a nufi gabas. Tsakanin Agadas da Bilma ya haura kilomita 500, yawancinsa rairayin Tenere ne, inda babu ko tsinken da dabba za ta tsinka. Don haka kowane raƙumi da damman ciyawarsa yake tashi, a sa masa takunkumi kada ya ci ta bayan ɗan'uwansa, a riƙa ajiye wasu dammai a hanya saboda dawowa. Ana tashi da hantsi, ba a saukewa sai dare ya raba. Tafe ake cin abinci, tafe ake dama gero da cuku da dabino a sha. Akwai rijiya a wurin da itacen nan ɗaya tilo yake a da, wanda wata babbar mota ta kaɓe a 1973, aka kwashe gangar jikinsa zuwa gidan tarihi na Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Tsohon ya ce shi na ƙarfen ya tarar, amma kawunsa ya sha inuwar na gaske. Daga nan sai Fachi, sai Bilma, inda ake musanya gero da dabino da gishiri: beza ta miya, da kantu na dabbobi, kowane kantu kilo 20 ko fiye. In an dawo Abzin an ɗan huta, sai kuma a gangaro kudu, Damargu, Tasawa, Damagaram, har Kano, raƙuma suna cin karan gonaki suna bar wa manoma taki.

Ya zuba shayin farko, mai ɗaci, ya miƙo mini. Ya ce raƙumi yana da wani hali da ke cutar da shi. Jaki in kaya ya fi ƙarfinsa sai ya turje, ya kwanta a tsakiyar hanya, kowa ya san da magana. Raƙumi kuwa ihunsa na safe ne, lokacin labta kaya, kuma mai lafiya da marar lafiya duk suna yi, saboda haka ba mai kula shi. Da zarar ya miƙe an ɗaure akalarsa a bayan na gaba, shi ke nan, ya yi gum. Zai yi ta tafiya da ƙishi, da yunwa, da miki, har ranar da zai gurfana ya ƙi tashi. Mutane suna jin an ce yana iya shanye lita 100 a tsayuwa ɗaya, yana iya kwanaki bai ga ruwa ba, sai su ɗauka ba ya gajiya. Wasu ma sun ɗauka ruwa ne a cikin tozonsa, alhali kitse ne, kuma cinye shi yake yi a hankali in abinci ya yanke.

Don haka, in ji shi, abin da kawunsa ya fara koya masa shi ne sauraro. In an sauke kaya, kowa ya kwanta, sai madugu ya bi zango cikin duhu yana kasa kunne. Raƙumi mai lafiya tuƙa yake yi da dare, kana jin muƙamuƙinsa yana niƙa. Wanda ka ji shiru a wajensa, ka tsaya. Da safe a duba wanda ya rage ciyawa, da wanda ya gurfana can gefe ya bar 'yan'uwansa. A duba kashi, a duba tafin ƙafa ko ya sale, in ya sale a ɗinka masa fata. A zura hannu inda akumari ke zama, a ji ko wurin ya ɗauki zafi. A kan hanya kuma igiya ce mai faɗin gaskiya. In ka ga akala ta lanƙwaso tsakanin raƙumi da raƙumi, na baya da ƙafarsa yake tafiya. In ka ga ta miƙe tsaf, jansa ake yi.

To, akwai wani attajiri a wani gari na Damargu, inda ayarinsu ke yada zango duk shekara in sun gangaro. Yana da taguwa, ta yi wata goma sha uku da ciki, ta haifa masa namiji fari tas. Tun ba a yi mako ba ya sanar da majalisa cewa wannan amale ne, shi zai riƙa jan ayarin Bilma wata rana. A cikin gida aka raine shi, da dusa da harawa, uwargida da kanta take zuba masa. Bai taɓa sa baki a ƙaya ba. Ya tashi duk garin babu ɗan raƙumin da ya kai shi tsayi da kyau, in baƙi sun zo sai an kai su sun gani.

Da ya kai shekarun ɗaukar kaya, attajirin ya kira madugu. Madugu ya zagaya shi sau biyu, ya shafa ƙirjinsa, ya dubi ƙafafun, ya ce, "Alhaji, wannan raƙumin hawa ne. Dubi sharɓeɓiyar ƙafarsa, dubi rashin nauyin jikinsa. In ka sa masa sirdi, babu mai cim masa a ƙasar nan. Amma na gishiri ƙirarsu daban." Attajirin ya yi dariya, ya ce raƙuman kakansa duk Bilma suka yi, kuma raƙumin gishiri shi ne raƙumi, saura wasan yara ne. Aka yi yarjejeniyar tafiya huɗu, shekara huɗu. Kuma a gaskiya bai yi rowa ba. Sabon akumari ya saya, sababbin igiyoyi, ya ba da gero da kuɗin ciyawa fiye da kowa. Ranar tashi ya raka su har bayan gari, yana ɗaga hannu.

Yaron da aka ɗora wa kula da farin raƙumin shi ne wannan tsoho da ke zuba mini shayi.

Ya ce tun a wurin taruwa ya ga abin ya soma. Raƙumin da ya saba shi ne abin kallon gari ya tsinci kansa cikin ɗaruruwa, kowannensu shi ne abin alfaharin gidansu. Bai iya cin ƙaya ba, bai iya turereniya a bakin rijiya ba, sai kowa ya sha sannan ya matso. Takunkumi ya dame shi. Bai yi faɗa ba, bai yi gardama ba, duk inda aka ja shi ya bi. A dawowa, kafin su kai Fachi, akalarsa ta fara miƙewa. Madugu ya zura hannu a gadon bayansa, ya ji zafi, ya ga fata ta fara salewa kamar faɗin kwabo. Kantu shida aka ɗora masa a Bilma, sai aka sauke biyu aka bari a Fachi. Ya iso da huɗu.

Bayan magariba suka shiga garin attajirin, sanyi ya sauka. Unguwa ta fito. Kafin ma a gama sauke kaya attajirin ya yafa wa raƙuminsa wani mayafi mai aiki da ya sa aka ɗinka tun da kaka, don mutane su gani. Sannan ya karɓi fitila ya nufi tarin gishiri.

"Kantu nawa?"

"Huɗu, ranka ya daɗe."

"Na maƙwabcina fa?"

"Shida."

Bai ƙara cewa komai ba, ya shige gida.

Kwana uku ayarin ya yi a garin. Raƙumin ya koma tsohon turkensa, ya gurfana ya fuskanci bango. Aka cika masa kwarya da dusar da a da yake wawura, ya sansana ya kau da kai. Attajirin ya ce ai girma ne ya zo, ya fara ji da kansa. Uwargida ta fito tsakar dare, ta tsaya kusa da shi, ta ji babu ƙarar tuƙa, gabanta ya faɗi. Amma da gari ya waye mata suka yi ta shigowa barka, suna yaba mayafi, suna cewa wannan kam ya fita kunya. Ta ce a ranta ba yau ba, kada magana ta fita.

Yaron ya yi ta maza a rana ta biyu. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, da za ka ɗaga mayafin nan ka duba bayansa." Attajirin ya dube shi sama da ƙasa, ya tambaye shi shekarunsa nawa, ya ce shi tun kafin a haifi uban yaron yake hulɗa da raƙuma, kuma na zamaninsu da rabin abincin nan suke zuwa Bilma su dawo ba a ji kansu ba. Madugu ma ya sa baki, ya ce a bar dabbar nan ta huta shekara guda, mikin ya warke, jiki ya yi ƙwari, in ya so baɗin baɗaɗa a gwada da kaya kaɗan. Attajirin ya ce, "In na ajiye shi a gida, me zan ce wa mutane?" Ya ƙara da cewa in madugu ba zai iya ba, madugai da yawa. Kawun ya yi shiru, ya ga gara a hannunsa da hannun wanda bai san ciwon ba. Aka kuma ba shi umarni: baɗi shida, a haɗa da biyun bana da aka bari. Takwas ke nan.

Tsohon ya tsaya nan ya ɗauraye kofuna, ya ƙara sukari a buta. Ya ce a garin nan dai akwai wata tsohuwa mai takaba da ta ba su raƙumi ɗaya, shi kaɗai mijinta ya bar mata, baƙi-baƙi, ba shi da wani fasali. Ita ba ta zuwa da daddare lokacin da ake ƙirga. Da asuba take zuwa zango da 'yar ƙwaryarta. Sai ta fara daga wuya, ta bi da tafin hannu har gindin wutsiya, ta sa a ɗaga mata ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ta zauna a ƙasa kusa da kansa, ba ta cewa komai, har sai ta ji ya soma tuƙa. Sannan ta kira yaron ta ba shi fura, ta ce, "Ɗan nan, yana ci kuwa? Kusa da wa yake kwanciya? A wane wuri ya fara ja da baya?" Sai ta gama jin wannan duka take tambayar gishiri, wani lokaci ma sai an tuna mata. Shi kuwa yaron, da yake ya ga ba a yi masa tsawa in ya faɗi marar daɗi, sai ya riƙa faɗa mata har abin da ba ta tambaya ba.

A shekarar ta ji wani ɗan kumburi a kafaɗar nata, ta ce ba ya zuwa ko'ina. Ta wanke wurin da ruwan gishiri, ta riƙa shafa mai, ta sayar da awakinta biyu ta ci abinci. Gari ya yi ta yi da ita, ana cewa ta mayar da raƙumi ɗan lele. Ta ce Bilma ba guduwa za ta yi ba. Wannan raƙumin ya yi tafiya huɗu bayan nan, lafiya lau, sai fari ne ya raba su.

Farin raƙumin kuwa ya bi ayari kudu, ya koma Abzin, ya ci damina. Fatar ta rufe daga sama, gashi ya fito, mai kallo daga nesa ya ce ya warke. Attajirin ya aiko da kuɗin ciyawa tun kafin lokaci, har da ƙari. In direbobin manyan motoci za su arewa, yakan ba su saƙo, kuma saƙon bai taɓa sakewa ba: a tuna, takwas ne. Yaron ya ce da farko yakan roƙi direba ya faɗa wa Alhaji cewa raƙumin ya rame. Da ya ga amsar da ke dawowa ita ce a ƙara masa dusa, sai ya koyi abin da ake so a ji. Duk wanda ya tambaya, ya ce a ce lafiya lau.

A Bilma aka labta masa shida, a Fachi aka ƙara biyun bara. Na ce, "Baba, shi madugun bai hana ba?" Ya ce madugu mai raƙumi ɗari da ɗoriya, ga rijiya a gaba, ga taurari yana duba, ga mutane, ba shi da idon raƙumi ɗaya. Kwana ɗaya da barin Fachi ya lura, ya sauke biyu ya raba wa wasu, amma aikin gama ya gama. Daren nan yaron ya kwanta kusa da shi, bai ji tuƙa ba. Washegari akala ta yini a miƙe. Rana ta uku, wajen la'asar, kafin su kai rijiya, igiyar ta tsinke.

Ayari ba ya tsayawa a Tenere. Shi da kawunsa ne suka tsaya. Suka sauke kaya, suka cire akumari, suka ga mikin ya buɗe daga ciki, ya yi rami har hannu na shiga. Suka tsiyaya masa ruwan salka a baki. Suka ja, suka tura, suka yi masa duk kiran da ya sani. Ya miƙe wuyansa a kan rairayi, yana kallonsu. Tsohon ya ce abin da bai manta ba shi ne ko sau ɗaya bai yi ƙara ba. Kawun ya fuskantar da shi gabas, ya yi bisimilla, kafin ya tafi a banza. Gishirin kuma aka rarraba wa sauran raƙuma, don ba a barin amanar mutum a daji.

Bayan magariba suka sake shiga garin. Attajirin ya fito da fitila da mayafin nan a kafaɗa, ya wuce kai tsaye wurin tarin gishiri, ya ƙirga da kansa. Takwas cif. Ya juya ga mutane fuskarsa fal fara'a, ya ce, "Ban gaya muku ba? Raki ne kawai!" Ya sa aka kirawo maƙwabcinsa ya zo ya gani. Sai da aka gama shigar da gishiri cikin zaure sannan ya waiwaya da mayafi a hannu, ya ce, "Ina yake?"

Madugu ya miƙa masa akumarin. Ya karɓa ya riƙe, sannan ya kifa shi. Tun ranar da ya saya bai taɓa ganin cikinsa ba. Ya bushe ƙamas da jini, da farin gashi manne a jiki. Ya daɗe yana kallo a hasken fitila. Uwargida tana bakin ƙofa, ta toshe baki da gefen gyale. Can ya ɗago ya ce, "Me ya sa ba wanda ya gaya mini?" Ba wanda ya amsa. Ya ce, "Wallahi ban rage shi da komai ba."

Tsohon ya ɗaga buta sama, ya tsiyayo shayi na uku, mai zaƙi, kumfa ta taso. Ya ce, "Kuma gaskiya ya faɗa, Malam. Ni shaida ne. Ko sisi bai taɓa hanawa ba."

Muka yi shiru muna kurɓa. Unguwar duk duhu, sai wata taga guda a saman benen gidan da ɗan hasken waya ke motsi a bayan labule. Na tambaye shi dalilin da abinci ke masa yawa. Ya ce ɗaya kwanon nasa ne, ɗayan na ɗan gidan ne da ya zo hutu. Ana kai masa ɗaki, ana fito da shi yadda aka kai, mai aiki ta kawo nan don kada a zubar. Yau kwana tara.

Sai ga hasken mota ya dallaro titi, aka danna ƙaho sau biyu. Tsohon ya miƙe ya buɗe ƙofa. Gilashi ya sauka kaɗan, murya ta ce, "Baba, gida lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

Motar ta shige. Ya tsaya riƙe da ƙyauren ƙofa, bai rufe ba. Sannan ya dawo ya sunkuya, ya ɗauki kwanon da ba a taɓa ba, ya gyara rawaninsa, ya ce, "Malam, duba mini wutar nan. Yau a hannun maigida zan mayar da kwanon nan."